Daga Maƙera zuwa Masana'anta: Asali da Ma'anar Kalmomin Aikin Inji a Hausar Kebbi

Tsakure

Takardar nan ta bi diddigin kalmar masana'anta da kalmomin da ke tafiya tare da ita, wato sarrafa, ƙera da kamfani, sannan ta auna su da yadda ake maganar casar shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu. An nuna cewa saiwar kalmar kaɗai aka aro daga Larabci, ginin kuwa Hausa ce ta yi abinta, bisa tsarin da ya haifar da makaranta da makabarta. An kuma nuna cewa ma'anar da ginin ya ba ta, wato wurin yin sana'a, ta saɓa da abin da ake yi a wurin da take nufi a yau, kuma wannan saɓanin yana daga cikin dalilan da suka sa ta fi zama a rubutu da labaran rediyo fiye da bakin kasuwa.

1.0 Gabatarwa

A cikin shekaru kaɗan Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, ta zama abin kwatance a harkar shinkafa. Ranar 17 ga Nuwamba, 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa manoma rance a Birnin Kebbi. A Disamba 2016 aka fito da shinkafar haɗin guiwar jihohin Legas da Kebbi mai suna Lake Rice. A Agusta 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu, wanda a lokacin aka bayyana cewa zai iya cashe tan 120,000 a shekara, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Duk waɗannan labarai sai da aka ba da su da Hausa, kuma duk mai rubuta su ya tarar da kalmomi aƙalla huɗu a gabansa suna neman gurbi ɗaya: masana'anta, kamfani, inji da ma'aikata.

Manufar takardar ita ce amsa tambayoyi uku. Daga ina kalmar masana'anta ta fito? Mene ne ginin kalmar ya ƙunsa na ma'ana? Me ya sa manomin da ya ɗora buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a mota ba ya cewa zai kai su masana'anta?

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Nazarin kalmomin Larabci a Hausa ya daɗe. Greenberg (1947) ya kasa su gida biyu: na farko waɗanda suka shigo da wuri ta hanyar cuɗanya da Larabcin baka, na biyu kuma waɗanda suka biyo baya ta hannun malamai daga Larabcin littafi. Hiskett (1965) ya ɗora batun a kan tarihin shigowar Musulunci ƙasar Hausa da littattafan da malamai ke karantarwa. Baldi (1988) ya kwatanta ararrun kalmomin Larabci da Hausa da Swahili suka yi tarayya a kansu. Ta fuskar ginin kalma, Galadanci (1976), Newman (2000) da Jaggar (2001) sun yi bayanin ɗafa-goshin ma- da sunayen da yake samarwa. Ta fuskar keɓaɓɓun kalmomi kuwa akwai aikin da Ɗalhatu Muhammad (1990) ya tace, da na McIntyre da Meyer-Bahlburg (1991) a kan Hausar kafofin watsa labarai. Ƙamusoshin Bargery (1934), Abraham (1949) da na Jami'ar Bayero (2006) su ne madogarar kowane mai bin diddigin kalma. Abin da wannan takarda ta yi shi ne tara waɗannan fannoni uku, aro da gini da amfani, a kan kalma guda.

Akwai kuma ra'ayoyi biyu da akan ji a bakin ɗalibai da masu fassara. Na farko yana cewa masana'anta ita ce kalmar Larabci masna'u, an dai gyara mata zama. Na biyu yana jin kalmar masana, jam'in masani, a farkon masana'antu, sai ya fassara ta da wurin masu ilimi. Za a nuna cewa duka biyun ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyoyi uku. An feɗe kalmomin zuwa saiwa da ɗafi bisa ƙa'idojin ginin kalmar Hausa. An kwatanta saiwar da takwarorinta a Larabci da wasu harsunan da suka ara daga gare shi. Sannan an duba yadda kalmomin ke fitowa a Hausar labarai da ta hukuma, aka gwada da maganar yau da kullum a kan shinkafa a kwarin Rima. An rubuta misalai da Daidaitacciyar Hausa, sai inda furucin Kabanci ya zama shi ne abin nunawa.

4.0 Nazari

4.1 Saiwa: Sana'a

A Larabci baƙaƙe uku, sadi da nun da aini, su ke ɗauke da ma'anar yin abu da gwaninta. Daga gare su aka sami san'a da sina'a, duka biyun suna nufin aikin gwani, da sani'u, mai yin, da masna'u, wurin yin. Jam'in wannan ta ƙarshe, masani'u, ya zo a Suratus Shu'ara, aya ta 129, inda malaman tafsiri suka fassara shi da manyan gine-gine ko matattarar ruwa. Ma'anar gidan inji daga baya Larabcin zamani ya ɗora masa. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ware babi guda a kan hanyoyin neman abinci da sana'o'i, ya kawo noma, gini, sassaƙa, saƙa, ɗinki, unguwarzoma, likitanci da rubutu. Wannan jeri bai yi nisa da abin da Bahaushe ke kira sana'a ba.

Sauye-sauyen da kalmar ta samu a bakin Hausawa sanannu ne. Sadi ya koma s kamar yadda ya yi a sadaka da salla. Aini ya koma hamza kamar a sa'a da jama'a. An kuma saƙala wasali tsakanin baƙaƙen tsakiya, yadda bid'a ta zama bidi'a, jum'a ta zama Juma'a. Wasalin gaɓar farko, a, ya fi karkata ga san'a a matsayin tushe fiye da sina'a. Kalmar ba ta shigo da al- a goshinta ba irin na alƙali, albasa ko alkama.

Wasu harsunan sun ari saiwar nan suka kai ta wani wajen. A Swahili, sanaa na nufin fasahar zane da wasa da makamantansu, gidan inji kuwa kiwanda suke ce masa. A Turkanci sanat ita ce fasaha, sanayi kuma harkar masana'antu. Mafi nisan tafiya ita ce ta darus sina'a, gidan ƙira, wadda Italiyawa suka ara suka raɗa wa wurin ƙera jiragen ruwa na birnin Venis, daga nan ta shiga Ingilishi da ma'anar ma'ajiyar makamai. Ma'aikatan irin wannan gida a Landan su suka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Arsenal a 1886. Ke nan sunan da matasa ke jayayya a kansa a gidajen kallon ƙwallo na Birnin Kebbi da kalmar sana'a kakansu ɗaya.

4.2 Gini: Ma- da -nta da -a

Masana'anta ta ƙunshi sassa huɗu: ma-, sana'a, -nt-, -a. An gina ta hawa biyu.

Hawa na farko shi ne mayar da suna aikatau. Hausa na yin haka da ɗafa-ƙeyar -ta, kamar tsoro da tsorata, ƙarya da ƙaryata, aiki da aikata, ko da -nta, kamar fuska da fuskanta, sabo da sabunta, baƙo da baƙunta, gurgu da gurgunta. Ta wannan hanya sana'a ta ba da sana'anta, wato mayar da abu sana'a ko samar da shi ta hanyar sana'a. Hawa na biyu shi ne gina sunan wuri, inda ake ɗafa ma- a goshin aikatau, a rufe da -a: ƙera ta ba da maƙera, saƙa ta ba da masaƙa, rina ta ba da marina, jeme ta ba da majema, tace ta ba da matata. Jam'in yana zuwa da -u: makarantu, ma'aikatu, masana'antu.

A nan ra'ayin farko ya faɗi. Da Hausa ta ari masna'u kai tsaye, da ba a ga -nt- a tsakiyar kalmar ba, domin babu inda zai fito a Larabci. Akwai misalin aron da aka yi ɗungurungum, wato maɗaba'a, daga maɗba'a, da majalisa, daga majlis, kuma babu ɗafin Hausa ko ɗaya a cikinsu. Masana'anta tana wani layi ne daban, layin da ya fi wannan tsufa da yawa a harshen. Larabci na da madrasa, amma Hausa ta ɗauki karanta ta gina makaranta. Larabci na da masjid, amma Hausa ta ɗauki salla ta yi sallata, ta gina masallaci, inda t ta ganɗance ta koma c a gaban i. Mafi kusa da batunmu ita ce makabarta. Larabci na da maƙbara, amma Hausa ta ɗauki kabari ta ɗafa masa -ta, ta kewaye shi da ma- da -a. Ba a cika jin wani ya furta aikatau kabarta shi kaɗai ba, kamar yadda ba a cika jin sana'anta a hira ba. Hawa na farko yana nan ne domin ya ɗauki na sama.

Abin da ke rikitar da mai sauraro shi ne Hausa da Larabci duka suna da ma- na sunan wuri. Wannan gado ne, domin Hausa, a reshen Cadi, da Larabci, a reshen Samiyya, 'yan babban gida ɗaya ne na harsunan Afirka da Asiya, kamar yadda rabe-raben Greenberg (1963) ya nuna. Kamar da ke tsakanin masna'u da masana'anta kamar dangi ce.

Ra'ayi na biyu bai buƙatar dogon bayani. Masana daga sani take, kuma sani ba ta da hamza ba ta da alaƙa da saiwar Larabcin da aka ambata. Haɗuwar sauti ce kawai.

4.3 Karin Sauti da Rubutu

Sunan wuri da jam'in sunan mai aiki suna da baƙaƙe da wasula iri ɗaya, karin sauti ne ke raba su. Maƙera, wurin ƙira, karin sama ne daga farko har ƙarshe. Maƙera, jam'in maƙeri, sama ne da ƙasa da sama. Haka ma'aikata ta gwamnati da ma'aikata masu karɓar albashi. Tun da rubutun boko ba ya nuna kari, jimla irin "ma'aikatan ma'aikatar" sai da taimakon -n da -r ake gane ta. Mai yiwuwa wannan, tare da yadda ma'aikata ta zama sunan ma'aikatun gwamnati, shi ya buɗe wa masana'anta hanya. Bisa ƙa'ida ita ma tana iya zama jam'in masana'anci, amma da yake masu sana'a aka saba cewa, gurbin ya zama nata ita kaɗai.

4.4 Aikatau: Ƙera, Sarrafa, Haɗa

Idan an bar sunan wurin aka koma kan aikin da ake yi a ciki, sai a ga Hausa ba ta da aikatau ɗaya da ya game komai, kuma wannan ba naƙasu ba ne. Harshen yana duba abin da ake aikin a kansa ne kafin ya zaɓi kalma.

Ƙera ta gida ce, daga maƙera ta fito, wurin zuga-zugi da uwar maƙera da masaba da awartaki, sana'ar da Jaggar (1994) ya nazarta a birnin Kano. Ta faɗaɗa daga garma da lauje zuwa mota da jirgi da wayar hannu, har ta ba da ƙere-ƙere da kuma ƙira da ma'anar samfuri, kamar a ce mota ƙirar Toyota. Amma ba ta rabu da ƙarfe da abu mai tauri ba. Ba a ƙera sabulu, ba a ƙera shinkafa. Haɗa kuwa ita ta dace da inda ake kawo sassa a harhaɗa, shi ya sa kamfanin Peugeot da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ake ce masa na haɗa motoci. Tufafi ana saƙa su, bulo da littafi ana buga su, mai ana tace shi.

Sarrafa ita ce ta fi kowacce faɗi. Daga Larabci take, daga saiwar sadi da ra da fa, mai ma'anar juya abu daga wani hali zuwa wani. Daga saiwar ne aka sami sunan mai canjin kuɗi a Larabci, da kuma sarfu, ilimin jujjuya kalma. Wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu, domin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Hisnur Rasin a kansa. A Hausa, kafin ta shiga gidan inji, sarrafa na nufin iko da abu da juya shi yadda ake so: mahayi ya sarrafa doki, mawaƙi ya sarrafa harshe, mutum ya sarrafa dukiyarsa. Daga juya abu yadda ake so zuwa mayar da ɗanyen kaya wani abu daban taki ɗaya ne. Yau ana sarrafa tumatir, rake, fata, madara da shinkafa. Faɗin nata shi ne amfaninta, shi ne kuma aibinta, kamar yadda za a gani a 4.6.

4.5 Kamfani da Inji

Kamfani daga Ingilishi take, kuma da ciniki ta shigo. Kamfanin Neja, wanda ya sami izinin sarautar Ingila a 1886 ya riƙe shi har ƙarshen 1899, da John Holt, da UAC da aka kafa a 1929, duk masu sayen gyaɗa da auduga da fata ne, masu sayar da atamfa da gishiri da kananzir. Ba su zo da sunan masu ƙira ba. Ita kanta kalmar Ingilishi ta gidan inji, factory, da farko tana nufin mazaunin wakilin 'yan kasuwa a bakin teku ko bakin kogi. Da gidajen inji suka fara tashi a Arewa, irin masaƙar Kaduna a 1957 da kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato da ya fara aiki a 1967, sunan da jama'a suka riga suka sani na babbar harkar Turawa shi aka ɗora musu. A cikin waɗannan biyu, masaƙa ce ta tsira da sunanta na gado, domin aikin da injin ke yi yana da aikatau da sunan wuri tun fil azal.

Inji kuwa ta ɗauki ƙaramin wuri. Idan mace ta ce za ta kai niƙa inji, tana nufin rumfar da injin yake, da mai injin, da layin da za ta bi. Sunan na'ura ya zama sunan wuri ba tare da wani ɗafi ba.

4.6 Shinkafa a Kwarin Rima

Fadamar Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, ta san shinkafa tun kafin zuwan irin Asiya. Jar shinkafar Afirka tsohuwar amfanin gonar yankin ce. Abin da ya daɗe a hannun mutane yakan tara kalmomi, kuma haka aka yi. Bayan yanka akwai bugu, akwai sheƙa. Abin da aka samu shi ne shanshera, wadda wasu ke kira samfarera. Daga nan sai gumi, aikin da mata suka fi yi: a jiƙa shanshera ta kwana, a tsame, a zuba a babbar tukunya ko rabin duro da ɗan ruwa a ƙasa, a rufe da buhu, a hura wuta har tururi ya ratsa ta ɓawon ya fara tsagewa, sannan a baza a rana ana motsawa da ƙafa ko da mataji na katako. Idan ta bushe fiye da kima ta kakkarye a wurin casa, idan ba ta bushe ba ta dame. Sai casa, da a turmi da taɓarya, yanzu galibi a inji. Sai bakace a faifai a fitar da ɓuntu da dusa, sai tsintar tsakuwa.

Babban kamfani bai ƙirƙiro mataki ko ɗaya sabo a cikin waɗannan ba, sai dai ya ƙara goge ƙwaya da tantance launinta. Yana tankaɗe shara, ya jiƙa da ruwan zafi, ya turara, ya busar da iska mai zafi a maimakon rana, ya ɓare ɓawon tsakanin robobi biyu masu juyawa, ya fitar da tsakuwa, ya goge, na'ura ta ware baƙar ƙwaya, a ɗinke a buhu mai kilo 50. Manyan kamfanoni kan ƙona ɓuntun su samar da tururin da suke bukata. Duk da haka, labarin rediyo yakan dunƙule wannan duka a cikin "sarrafa shinkafa". Mai sauraro a Argungu, wanda ya san bambancin gumi da casa, an ba shi bayanin da bai kai saninsa ba. Mai tuwo ma sarrafa shinkafa take yi, haka mai waina. "Casar shinkafa" ta fi faɗin gaskiyar abin da injin ke yi.

Sunayen da kasuwa ta raɗa wa kayan ma abin lura ne. Akwai 'yar Hausa, wadda aka guma a gida aka cashe a ƙaramin inji. Akwai 'yar gwamnati ko 'yar waje, gogaggiya marar tsakuwa. Da kamfanonin gida suka fara fitar da irin wannan gogaggiyar, sai aka ce 'yar kamfani. Ba a ji 'yar masana'anta ba. A furucin yankin, inda f kan koma hw a gaban a, abin da kunne ke ji shi ne kamhwani da shinkahwa da sarrahwa. Kalmar da karin harshe ya tanƙwara haka ta zama 'yar gida. Masana'anta kuwa yadda mai karanta labarai ya furta ta haka take komawa, gaɓoɓinta biyar cif.

4.7 Sana'a da Aiki

Tsawon kalma kaɗai bai isa ya bayyana rashin shigar masana'anta bakin kasuwa ba, domin makaranta da makabarta ba gajeru ba ne, kuma kowa na faɗinsu. Dalilin da ya fi ƙarfi yana cikin ma'anar sana'a a al'adar Hausa.

Sana'a abu ce da mutum ya mallaka. Yakan gaje ta ko ya koye ta a gaban maigida, yana da kayan aikinsa, ya san aikin daga farko har ƙarshe, kuma ribar da hasarar duka nasa ne. Tana da shugabanci da ya rataya da fada: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska. A Argungu su, wato kamun kifi, ita ce fitacciyar shaida. Sarkin Ruwa ne ke da iko da kogin Matan Fada, kuma bikin kamun kifin da ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sanya a jerin al'adun duniya a 2016, baje kolin sana'a ne: kowane masunci da homarsa da gorarsa. Aiki kuwa, a ma'anarsa ta zamani, abu ne da ake ɗaukar mutum a kuma sallame shi. Yana da lokacin shiga da na tashi, yana da albashi, kayan aikin na wani ne. Wanda ke tsaye a bakin injin ɗinke buhu ba zai ce sana'arsa ke nan ba. Zai ce yana aikin kamfani. Matar da ke gumi a tsakar gidanta ita ce mai sana'a, amma ba wanda ke kiran gidanta masana'anta.

Ke nan kalmar da gininta ke cewa wurin yin sana'a ta zama sunan wurin da aka rarraba sana'a gunduwa-gunduwa aka mayar da ita aiki. Irin wannan juyin ya faru a Ingilishi, inda manufacture, daga kalmomin Latin biyu masu nufin hannu da yi, ta fara da ma'anar abin da aka yi da hannu a ƙarni na 16, ta ƙare da ma'anar abin da inji ya yi. Alamar juyin a Hausa ita ce bayyanar sana'ar hannu da sana'o'in gargajiya. Kafin zuwan inji babu bukatar wannan ƙarin, domin kowace sana'a ta hannu ce.

Daga nan kalmar ta ƙara faɗaɗa. Jam'inta ya zama sunan fannin tattalin arziki gaba ɗaya, kamar a Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu da Bankin Masana'antu. Tilonta kuma ya bar gini da inji baki ɗaya a masana'antar fim, inda 'yan Kannywood kan ce "masana'antarmu" suna nufin jama'ar da ke cin abinci a harkar. Abin lura shi ne a nan ne kalmar ta fi shiga bakin mutane, kuma a nan ne ta fi kusa da ma'anarta ta asali, domin ɗan wasa da mawaƙi da mai ɗaukar hoto kowannensu yana kallon abin da yake yi a matsayin sana'arsa.

5.0 Shawara

Masana'anta ta riga ta zauna, kuma gininta ingantacce ne, don haka babu dalilin neman madadinta a matsayin gamammen suna. Abin da ya kamata masu fassara da marubutan littattafan makaranta su kiyaye shi ne raba ta da kamfani: kamfani shi ne mai rajista da hannun jari, masana'anta kuwa ita ce wurin da injin yake, domin kamfani ɗaya na iya mallakar masana'antu uku, wani kuma ba shi da ko ɗaya. Inda aikin ke da aikatau na gado, sunan wurin da aka gina daga gare shi ya fi gamammen suna fayyace magana. Yadda aka karɓi masaƙa da majema da matata, haka ƙa'idar ta ba da macasa daga casa, kuma wannan takarda na ba da shawarar a gwada ta a labarai da darussan aikin gona a maimakon doguwar "masana'antar sarrafa shinkafa". A bar sarrafa ga inda kayan ke sauya kama, kamar tumatir ya koma na gwangwani ko rake ya koma sukari.

Aikin da ya fi gaggawa shi ne na tattara kalmomi. Kalmomin gumi da casa da bakace, da sunayen ire-iren shinkafar fadama da na matakan bushewarta, suna bakin mata da manoman da manyan injuna ke karɓe wa aiki. Ana kira ga malaman Hausa na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da su tura ɗalibansu unguwannin masu gumi da rumfunan inji, su naɗo waɗannan kalmomi da furucinsu na Kabanci da karin sautinsu, a shigar da su ƙamus.